Rigar ruwan goro da takardar da na kusa sa wa hannu

Jiya 30 ga Satumba, duk wanda ke zaune a Kanada ya san ranar rigar ruwan goro ce. Tun da asuba autata ta tashe ni wai Umma ina rigata, na ce ai tana kwandon wanki, yarinya ta kumbura baki kamar za ta fashe, dole na wanke da hannu na busar da abin busar da gashi. To da yamma sai ga wata Hajiya a guruf ɗinmu na mata tana cewa mu meye namu a ciki, rigimar Turawa ce da 'yan asalin ƙasa, mu dai karatu muka kawo yara. Hajiya ki yi haƙuri, ban amsa miki a can ba don kar abin ya zama cacar baki, amma maganar ta tsaya min a wuya.

Ga waɗanda ke gida ba su san zancen ba. Sama da shekara ɗari gwamnatin ƙasar nan da coci-coci suna kwashe 'ya'yan 'yan asalin ƙasa daga hannun iyayensu, ƙarfi da yaji, a kai su makarantun kwana, a aske musu gashi, a canja musu suna, in yaro ya yi yarensu ya sha duka. Yara wajen 150,000, dubbai ba su koma gida ba har abada, kuma ba zancen zamanin kakanni ba ne fa, har cikin shekarun 1990 akwai irin makarantun a buɗe. Ita rigar, labarin wata mata ce Phyllis Webstad, tana shekara 6 a 1973 kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan goro ta zuwa makaranta, ranar farko aka tuɓe mata ita ba ta sake ganinta ba. Firaminista Harper ya nemi gafara a 2008, hukumar gaskiya da sulhu da ta binciki lamarin ta gama aiki a 2015 ta bar buƙatu 94, Fafaroma Francis ma sai da ya zo da ƙafarsa a 2022 ya ba da haƙuri.

Ni da autar ta fara ba ni labarin duka saboda yare, abin da ya faɗo min a rai monita ne da takardarsa yana rubuta sunan masu banakula a firamarenmu. Ba ɗaya ba ne, Allah ya gani, mu muna tashi mu koma gida Inna ta zuba mana tuwo da Hausa. Amma wanda ya taɓa durƙuso a rana saboda ya ce "ara min biro" bai kamata ya ce bai gane zancen ba sam.

Ba wai ina cewa komai nasu daidai ne ba. Kullum da safe a lasifika sai an karanta cewa makarantar nan a kan ƙasar ƙabila kaza da kaza take, yara sun haddace kamar karatun aku, ba wanda ya mayar wa kowa ko taku ɗaya na fili. Wani lokacin dariya ma abin ke ba ni. Faɗa da baki ba ya cin kuɗi, rigar ma dala nawa ce.

Inda abin ya taɓa ni ni kaina shi ne wata takarda. Lokacin babban ɗana yana aji takwas, ba mu daɗe da zuwa lardin Ontariyo ba, ya kawo fom na zaɓen darussan sakandare. A lokacin tun aji tara ake raba yara gida biyu, layin da ke kai ka jami'a da layin da ake cewa mai sauƙi, wanda in ka shiga fitowa sai an sha wuya. Malamar da ke ba su shawara ta riga ta yi masa alama a mai sauƙin, da murmushinta da komai, wai don kar a takura shi tunda baƙo ne. Yaron da lissafinsa ya fi nawa! Ni kuma tarbiyyar gida, malam ya faɗa an gama, har na ɗauki biro. Maƙwabciyata ce 'yar Jamaika, dattijuwa, ta shigo karɓar tukunyarta ta ga takardar a tebur, ta riƙe min hannu ta ce kar ki kuskura, gobe tare za mu je. Muka je, ta yi magana, aka canja cikin minti biyar ba ko gardama. Sauƙin canjin ma shi ya fi ba ni tsoro.

Daga baya na gane ba ɗana kaɗai ba ne. Wani farfesa a jami'ar York, Carl James, ya fitar da rahoto a 2017 da alƙaluman makarantun gwamnati na Toronto: cikin yara baƙaƙe kashi 53 cikin ɗari ne ke layin jami'a, fararen fata kashi 81. Kuma kashi 42 na baƙaƙen an taɓa dakatar da su daga makaranta aƙalla sau ɗaya kafin su gama sakandare, sauran yara kashi 18. Malamar nan ba ta tambayi ɗana Bahaushe ne ko ɗan ina ba, ba ruwanta da cewa kakansa alƙali ne, fata ta gani ta yanke abin da zai iya.

Iyaye baƙaƙe sun shekara da shekaru suna wannan faɗan kafin mu san hanyar ofishin biza. Lardin nan sai 1965 aka rufe makarantar ware baƙaƙe ta ƙarshe. A 2020 gwamnati ta ce za a daina rabon aji tara, aka fara da lissafi a 2021, shekarar da ta biyo aka haɗa sauran darussa, tun 2020 ɗin kuma aka taƙaita dakatar da ƙananan yara daga nazare zuwa aji uku. Autata za ta shiga aji tara ba wanda zai miƙo mata waccan takardar, kuma ba guminmu ba ne. Ba a gama ba dai, a wurare da yawa rabon yana dawowa a aji goma, kuma haɗa yara aji ɗaya ba ya wanke abin da ke zuciyar malami, ga aji ya cika ba mataimaki.

Abin da ke ƙona min rai mu ne. A falonmu za ka ji ana ce wa yaro kar in gan ka da yaran Jamaika, ko a ga ɗan asalin ƙasa a bakin titi a ce ai su mashaya ne gwamnati ke ci da su, ba a tambayi wa ya raba uwarsa da tata uwar tana shekara shida ba. Ni ma na taɓa faɗin irin wannan, ba zan ɓoye ba, kafin matar da nake gargaɗin ɗana a kan jikokinta ta riƙe min hannu.

Hajiya, taron iyaye ranar Alhamis ne ƙarfe shida da rabi, kullum mu uku ne baƙaƙe a ɗakin kuma ni kaɗai ce mai mayafi. Ana ba da shayi, akwai mai duba yara. Ki shirya zan biyo in ɗauke ki, ki taho da fom ɗin ɗanki na aji goma mu duba tare.