Dagin Arewa Kaɗai Ba Zai Ishe Mu Ba

Duk wanda ya bi titunan Kano, Kaduna ko Zariya a 'yan shekarun nan zai lura cewa shaguna sun koma fuska ɗaya. Banar mai sayar da shinkafa da ta makarantar Islamiyya da ta ɗan takarar kansila duk kamarsu guda, launuka masu ƙyalli da hotunan da aka kwaso daga intanet, kuma idan mai tsara zanen ya so ya nuna cewa abin namu ne, sai ya liƙa Dagin Arewa a kusurwa ya ce ya gama. Wannan gajeriyar hanya tana damuna ƙwarai, domin matasanmu masu aikin zane da kwamfuta suna da basira, amma sun juya wa rumbun gidansu baya.

Dagi abin alfahari ne, kuma tun zamanin Sardauna ya zama tambarin Arewa, sai dai zane ɗaya ne cikin tarin da muka gada. A je a zauna kusa da mai zayyana lokacin da yake ƙawata allon sauka, a ga yadda yake fiƙe alƙalamin kara, ya raba fuskar allon gida-gida, ya ja layi da baƙar tawada, sannan ya cike da ja da rawaya da kore ba tare da wani launi ya danne ɗan'uwansa ba. Abin da ake koyarwa a jami'a da sunan daidaita launi da tazara, wannan malamin ya daɗe yana yin sa da ido da hannu. Haka aska takwas a ƙirjin babbar riga, haka zanen da magina ke fitarwa a fuskar zaure tun laka tana ɗanya, a tsohon birnin Zariya da unguwar Birni ta Damagaram. A Zariyar ne kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830, ginin da masana ke nazari har yau.

Masu fentin manyan motoci ma sun cancanci a ambace su, ko da yake ba a cika kallonsu a matsayin masu fasaha ba. Zaki da ɗawisu da mahayin doki a bayan gingimari, da "Allah ya kiyaye hanya" a rubuce da burushi, su ne zanen titinmu na asali, kuma ana gane hannun kowane mai fenti daga nesa.

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, sun ƙi yarda a mayar da su masu kwaikwayon Turawa, suka koma ga zanen al'ummominsu suka haɗa da abin da suka koya a aji. A ƙasarmu aka yi wannan yunƙuri, amma yau sai ka ga fasta da Hausa babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, saboda mai zanen ya zaɓi salon haruffan da ba su da lanƙwasa, bai kuma damu ya nemi wani ba.

Masu ɗaukar hoto kuwa, hawan sallah da bukukuwa sun cinye musu lokaci, alhali kowace damina tana kayar da wani tsohon soro, magada kuma su maye gurbinsa da bulo. Ina roƙon duk mai kyamara ko waya mai kyau ya ɗauki zanen zaurukan unguwarsu daga kusa, ya tambayi dattawa sunan maginin da sunan zanen, ya rubuta su a ƙarƙashin hoton, domin masu tsara zane na bana su sami inda za su ɗebo.