Maganin yana jami'a, tsutsar tana gonar Kawu

Da kakar bara na je gida wajen Ringim na tarar da Kawu zaune gindin rumbu yana sheƙe ɗan waken da ya samu, ko buhu biyu bai cika ba, alhali feshi ya yi har ya gaji, tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake ta gama da shi. Na ce Kawu ai akwai irin da wannan tsutsa ba ta iya masa, SAMPEA 20-T, masanan cibiyar binciken noma ta IAR Samaru a jami'ar Ahmadu Bello Zariya suka fitar tun 2019. Ya ɗago ya ce, "To ɗana, a ina ake sayar da shi?" Wallahi ban da amsa.

Ni dai ban yarda da masu cewa malaman jami'a ba sa aiki ba. Suna yi. Samaru ta fitar da irin gyaɗa da dawa da masara masu saurin nuna, cibiyar bincike ta NAPRI a Shika tana kan harkar dabbobi, BUK ma ta buɗe cibiyar binciken noma a busassun ƙasashe tun 2012. Matsalar tana tsakanin ƙofar jami'a da kasuwar ƙauye, domin malamin gona da ya kamata ya kawo labarin sai ka yi damina guda ba ka ga babur ɗinsa ba, shi ma ba laifinsa ba ne kacokan, mutum ɗaya da ƙauyuka barkatai kuma ba kuɗin mai.

Sannan akwai abin da nake ganin masu bincike ya kamata su ƙara saurara. Manomi a nan ba ƙwaya kaɗai yake nema ba. Kawu yana da tumaki da awaki, harawar wake ita ce abincinsu da rani, kuma a watan Afrilu ɗaurin harawa kuɗi ne sosai. Ka kawo masa iri mai ƙwaya amma ba ganye, zai karɓa ya yi godiya, baɗi ya koma tsohon irinsa, sai a rubuta cewa manoma ba sa son canji. Lissafi ya yi, akuyar nan ita ce bankinsa, ita ake sayarwa a sayi taki ko a kai mara lafiya asibiti.

Buhun PICS, wato buhun nan na adana wake da iska ba ta shiga, ya ishe mu misali, ya karɓu ne don an je kasuwanni da ƙauyuka an zuba wake an ɗaure a gaban jama'a, bayan watanni aka buɗe kowa ya gani ba ƙwaro ba magani. Haka nake so KNARDA da JARDA, hukumomin bunƙasa noma na Kano da Jigawa, su yi da jami'o'in nan, gonar gwaji a kowace gunduma, iri a ƙaramin ƙunshi daidai aljihun talaka, bayani da Hausa a rediyo kafin ruwan farko ya sauka. Bana dai ni zan nemo wa Kawu irin nan da kaina ko da sai na je Zariya.