Ta'asar cikin gida ta fi ci mini rai

Wani marubuci da na karanta rubutunsa ya jera yaƙe-yaƙen Musulmi da Kirista kamar kullum wancan ɓangaren ne ke saran wannan. Bai taɓo zaluncin da masu mulki suka yi wa mabiya addininsu ba, kuma shi ya fi ci mini rai. Mayaƙan gicciye, wato rundunonin Kiristocin Turai, sun yi kisan kiyashi a Kudus a 1099, amma a 1204 magadansu Kustantiniya suka wawushe, birnin 'yan'uwansu Kirista, har cikin majami'u. Mu ma fa? Rundunar da ta kashe Husaini, jikan Manzon Allah (SAW), a Karbala a 680, masu salla ne. Imamu Ahmad bin Hambal kuwa, Halifa Mu'utasim ne ya sa aka zane shi da bulala don ya ƙi cewa Alƙur'ani halitta ne.