Rushe gida ba cin yaƙi ba ne

Tun daren jiya raina yake a ɓace, kuma waɗanda muka zauna tare a fadarmu ta unguwar Zariya sun san dalili. Mutum mai ilimi, wanda yara ke sauraron bakinsa, ya ce wai yaƙin Libiya abin koyi ne ga duk gwamnatin da ke son cin yaƙi a wajen iyakarta, tun da cikin wata bakwai aka gama kuma ƙungiyar tsaro ta NATO, ta Amurka da ƙawayenta, ba ta rasa soja a fagen daga ba. Malam, da girmanka, wannan magana ba daidai ba ce, kuma a Maradi ba wurin faɗinta ba ne.

Me aka gama? An fara ruwan bama-bamai ranar 19 ga Maris 2011, bisa ƙuduri mai lamba 1973 na Majalisar Ɗinkin Duniya wanda ya ba da izinin kare farar hula, aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba, sannan kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Babu wanda ya tsaya tsaron rumbunan makamai, babu wanda ya zauna ya tsara yadda za a karɓe bindigogi daga hannun ƙungiyoyin mayaƙa, ko yadda za a haɗa soja ɗaya da baitulmali ɗaya. Wanda ya rushe gida bai tanadi ko tubali guda na sake gini ba, bai ci yaƙi ba, rushewa kawai ya yi.

Kada a ce ba a sani ba. Shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya gargaɗi shugabannin manyan ƙasashen duniya a taronsu na Deauville, a Faransa, a watan Mayun 2011 cewa Libiya za ta iya zama kamar Somaliya. Tarayyar Afirka ta tura shugabanni Tirifoli da Bengazi da shawarar tsagaita wuta, aka yi watsi da ita. A 2014 shugaban Chadi na lokacin, Idriss Déby, ya faɗa wa ƙasashen Yamma a Dakar cewa sun cika burinsu na kawar da mutum guda, amma ba su dawo sun duba abin da suka bari ba. Shi kansa Barack Obama, shugaban Amurka na lokacin yaƙin, a 2016, ya amsa da bakinsa cewa rashin shirin abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi muni na mulkinsa. Mai kaya ya ce kayansa sun lalace, ɗan kallo kuma yana rantsuwa lafiyarsu lau.

Za a ce mini Gaddafi azzalumi ne. Ban zo wanke shi ba, kuma ba shi ne zancen ba. Zancen shi ne wanda ya ɗauki nauyin rushewa ya ɗauki nauyin gini, kuma ƙasashen Yamma sun san yadda ake yi idan sun ga dama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta zuba kusan dala biliyan 13 a Yammacin Turai ƙarƙashin shirin Marshall, daga 1948, domin ta san yunwa da zaman banza su ne iyayen yaƙi na gaba. A Iraƙi kuwa, a 2003, an sallami rundunar soja baki ɗaya da takarda guda, aka bar dubban mutanen da suka iya bindiga babu albashi, kowa ya ga abin da ya biyo baya. Shekara takwas kacal tsakani, aka maimaita a Libiya.

Mu ne muka biya kuɗin. A farkon 2012 mayaƙan da suka fito daga Libiya da makamai suka kunna wutar arewacin Mali, Kidal da Gao da Tumbuktu suka faɗi cikin kwana uku. A watan Mayun 2013 aka kai hari Agadas da Arlit rana guda. A 2017 duniya ta ga hoton yadda ake cinikin baƙar fata a Libiya kamar awaki a kasuwa. Tun 2014 ƙasar take a rabe tsakanin gabas da yamma, har madatsun ruwa biyu suka ɓalle a birnin Derna na gabashin ƙasar a 2023 saboda an daɗe ba a kula da su ba, ruwa ya ci dubban rayuka. Wannan ce nasarar wata bakwai da ake so yaranmu su yi koyi da ita?

Maƙwabcina tela ne, ya yi shekaru a Sabha, a kudancin Libiya, yana aiko wa gida kuɗin hatsi da na makarantar yara. A 2011 ya dawo ta Dirku a bayan babbar mota, da rigar jikinsa kaɗai, ya baro keken ɗinki biyu da ajiyar da ya tara. Har yau hayar keke yake yi a bakin kasuwa. Jiya yana zaune a gefen tabarma lokacin da ake wannan magana, bai ce uffan ba, ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba ya tafi gida.