Wa muke rubuta wa falsafa?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na tsaya a majalisar shayi da ke bakin layinmu a unguwar Nima ta birnin Accra, sai wani dattijo da ya san ni tun ina makarantar allo ya ce: "Malam, shekara nawa ke nan kana koyar da falsafar nan? Ina littafinka mu gani?" Na ce: "Baba, ai mu maƙala muke rubutawa a mujallun masana." Ya ce to a kawo guda a karanta masa. A nan bakina ya mutu, domin da Turanci na rubuta ta, kuma ko jikansa ya lalubo ta a intanet, sai ya biya daloli kafin a buɗe masa shafi ashirin.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ƙarin girman malamin jami'a ya fi rataya a kan yawan maƙalun da ya wallafa da kuma darajar mujallun da suka karɓa. Idan ka aika, edita zai cire sunanka ya miƙa wa masana biyu da ba ka san su ba, su yanke hukunci. Manyan mujallu irin su Mind, wadda ake bugawa a Ingila tun 1876, suna mayar da fiye da tara cikin goma na abin da aka aiko musu. Marubuci ba a biyansa, mai dubawa ma yawanci kyauta yake yi, kamfanin ɗab'i kuwa ya sayar wa ɗakunan karatu da tsada. Ni kaina na taɓa aika maƙala kan ma'anar kunya a wurin Bahaushe, na jira wata goma sha ɗaya, sannan amsa ta zo cewa wannan nazarin al'adu ne, ba falsafa ba. A watannin nan ina koyar da aji mai ɗalibai ɗari uku da makirufo, ina gyara takardun jarrabawa har tsakar dare, amma a ma'aunin ƙarin girma duk wannan bai kai nauyin maƙala guda ba.

Abin ya fi ciwo ga ɗan Gana, domin a ƙasar nan aka haifi wanda ya fi kowa jan kunne a kan batun. Kwasi Wiredu, haifaffen Kumasi a 1931, ya koyar a Jami'ar Gana da ke Legon fiye da shekara ashirin, kuma kiransa shi ne masanin Afirka ya ɗauki kowace matsala da ya gada daga Turawa ya sake tunaninta da harshen uwarsa, ya ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Ya gwada haka da maganar Descartes, masanin falsafa ɗan Faransa, wadda ke kafa samuwar mutum a kan tunaninsa, ya nuna cewa a harshen Akan ba a cewa abu ya samu sai an danganta shi da wuri. Na taɓa gwada ta da Hausa tare da wasu ɗalibai 'yan Zango bayan darasi. Na ce: "Ina tunani, saboda haka ina nan." Wata ɗaliba 'yar unguwar Madina ta Accra ta yi dariya ta ce: "Malam, kana nan a ina?" Tambayar nan tata ta isa darasin zangon karatu guda, domin Descartes yana nufin wani abu mai tunani da ba shi da wuri, harshenmu kuwa ya ƙi sakin wurin. Haka kalmar gaskiya: ita ce dacewar magana da abin da ya faru, ita ce kuma halin mutumin da ake ba amana, alhali Turanci ya raba su gida biyu. Shin mu ne muka cakuɗa, ko su ne suka raba abin da ba ya rabuwa? Wiredu kansa da Turanci ya yi rubutunsa, ya kuma koma Florida a Amurka a 1987, a can ya ƙarasa aikinsa. Ban ga laifinsa ba, sana'ar ce haka. Sai dai ina tuna Alhaji Umaru, malamin Kete-Krachi a nan Gana, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta da Larabci da Hausar ajami, fatake kuma suka ji abin da yake faɗa.

Za a ce intanet ta share mana hawaye. Ta share wasu: kundin falsafa na Jami'ar Stanford kyauta yake tun 1995, kuma yaron unguwar Aboabo mai waya zai iya karanta shi. Amma duk wanda ya leƙa muhawarar ƙaddara da zaɓi a Facebook ko a zaurukan WhatsApp ya san ba a minti goma kafin a fara kafirta juna, har a jawo sunan Imam Gazali, a manta cewa shi da ya soki masana falsafa shi ne kuma ya ƙarfafa koyon manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja. A nan ne nake yi wa masu duba maƙala adalci, duk da haushinsu da nake ji: su suka tilasta mini in kawo hujjar abokin hamayyata a mafi ƙarfin siffarta kafin in rushe ta. Wannan horon nake so mu ɗauko mu yi aiki da shi cikin Hausa, jami'o'i kuma su ƙidaya irin wannan rubutu idan masana sun tantance shi.

Na yi wa Baba alkawarin shafi uku a kan kunya ranar Juma'a mai zuwa. Na rubuta biyu, na maƙale a bambancin kunya da kara, domin surukin da ke ƙin cin abinci a gaban surukinsa da maƙwabcin da ya yafe bashi don idon jama'a ba abu ɗaya suke yi ba. 'Yan'uwa na Kumasi da na Kano, yaya kuke rarrabe su a wajenku?