Bishiyar Alhaji Ba Ta Zaman Rana

ALHAJI: Kai, janye hannunka! Ka san nawa na biya kafin ka kai mata farce?

ƊAN BOKO: Kawu, kai fa ka aika a kira ni, ka ce ganyenta ya fara ja.

ALHAJI: Cewa na yi ka duba, da ido kuma ake dubawa. Bonsai ce wannan, 'yar bishiyar da ake reno a kasko ba a barinta ta girma, irin da ake kira junifa, daga Gwanzu ta ƙasar Sin na riƙo ta a cinyata har Kano. Shekararta ɗari biyu.

ƊAN BOKO: Wa ya ce ɗari biyu?

ALHAJI: Mai shagon. Yatsu biyu ya ɗaga min.

ƊAN BOKO: Kawu, gindin nan bai fi babban yatsana kauri ba. Reshe ne aka yanko aka kafe, in ta tsufa shekara biyar. Ƙila ma shekara biyu yake nufi.

ALHAJI: Ko dubu biyu. Ka ga ni ma rage masa na yi.

Bishiyar dai tana kan teburin gilashi, daidai bakin esi, an saki labule an rufe ko'ina. Unguwar kwana uku ke nan ba a ga wuta ba, sai takardar kuɗin wutar ce ta iso a kan lokaci kamar kullum.

HAJIYA: Yawwa ɗan nan, gaya masa. Tun da abin nan ya shigo gidan nan janareta bai huta ba. Ni da na aure shi shekara talatin, in na ce zafi sai ya miƙo min mafici.

ƊAN BOKO: Ai esin ne ya fara cutar da ita. Junifa itacen waje ce. Rana take so ta sa'o'i da yawa kullum, da iska, da raɓa. Ko a Japan, in za a nuna wa baƙo, kwana biyu ko uku take yi a ɗaki a mayar da ita tsakar gida. Esi kuwa busar da iska yake, ga duhu.

ALHAJI: Tsakar gida? Wurin awaki? Abin da ya hau jirgi?

ƊAN BOKO: Gaskiya zafinmu na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, zai wahalar da ita a wannan ɗan kasko. Sai dai a ba ta ranar safe, da yamma inuwa. Kuma irinta kan so hutun hunturu, ta sha sanyi ta tsaya da girma. Da a Jos ne ma da sauƙi.

ALHAJI: To ka ji! Da bakinka ka ce sanyi. Ni kuma na ba ta esi. Ina laifina? Hajiya, akwai wuri a firiza?

HAJIYA: Ba dai firizata ba.

ALHAJI: Ban da haka ma, in na fitar da ita ɓarayi fa?

ƊAN BOKO: Wa zai saci wannan, Kawu? Ba irinta ake sata ba. A 2019 ne aka shiga wani lambu a Kawaguchi, kusa da Tokyo, aka kwashe bonsai bakwai, har da junifa mai shekara ɗari huɗu. Matar mai lambun ta fito tana roƙon ɓarayin su riƙa ba ta ruwa, don ba za ta yi mako ɗaya babu shi ba.

Ɗan Boko bai rufe baki ba ya gane ya tafka kuskure. Alhaji ya gyara zaman hula, ya dubi ƙofa, ya dubi taga.

ALHAJI: Ka ga irin dukiyar da nake kwana da ita a falo ko? Gobe a kira mai walda ya ƙara ƙarfe a tagar nan. Batun ruwa kuwa ba a roƙo na. Sau biyar a rana, bayan kowace salla. Kuma na roba, ba na 'yan garuwa ba.

ƊAN BOKO: Sau biyar! Shi ya sa nake jin wari. Saiwar ta ruɓe. Ba a ba bonsai ruwa da agogo. Yatsa ake sa wa a ƙasar, in saman ya fara bushewa a zuba sosai har ya fita ta hujin ƙasan kaskon, sannan a ƙyale ta. Ina hujin ma?

ALHAJI: Na toshe. Ɓata min gilashi yake.

ƊAN BOKO: Waɗannan tsakuwoyin na sama fa? Da gam aka manna su don kada ƙasa ta zube a hanya. Ranar farko ya kamata a ɓamɓare su.

ALHAJI: Da su aka yi ciniki. Ban saya don in zubar ba.

HAJIYA: Tambaye shi taki.

ALHAJI: Da na ga ta yi laushi na sa aka sayo buhun yuriya. Buhu guda! Ka san kuɗin buhu yanzu? Manoma na kuka, ni ko a jikina. Hannu biyu na zuba mata.

ƊAN BOKO: Kawu, ba a ba bishiya mara lafiya taki, ƙona saiwar yake yi. Kamar a ɗora wa mai zazzaɓi tuwon dawa malmala uku ne a ce sai ya cinye.

ALHAJI: Duk wannan surutun boko ne. Ni na san abin da ya same ta. Baki ne. Ranar da Alhajin maƙwabta ya shigo, ya tsaya a nan, nan ɗin nan, ya ce "kai, 'yar ƙarama da ita." Bai ce tubarkalla ba. Na jira, bai ce ba. Na yi tari, bai ce ba. Har na raka shi ƙofa ina jan ƙafa. Mutumin da furen roba ne a falonsa!

HAJIYA: Furen robar dai har yanzu kore ne.

An yi wa bishiyar hayaƙi sau uku tun daga ranar. Wannan ba a gaya wa Ɗan Boko ba, hancinsa ne ya gaya masa.

ƊAN BOKO: Waɗannan rassan kuma wa ya yi musu ƙwal?

ALHAJI: Mai askina. Satin da ta zo, za a yi baƙi, na ce ya daidaita ta. Hannunsa na da kyau.

ƊAN BOKO: Ƙarfin junifa a ganyenta yake. Reshen da aka raba da ganye duka ba ya sake tohowa, ya tafi ke nan. Kawu, don Allah bari in ɗan kankare ɓawon da farce. In ƙarƙashinsa kore ne da danshi, da sauran rai.

ALHAJI: A baya. Inda baƙi ba za su gani ba.

Ya kankare a reshe, ruwan ƙasa. Ya kankare a gindi, ruwan ƙasa. Ya ɗan lanƙwasa wani reshe, ya ce ƙas.

ƊAN BOKO: Sai haƙuri, Kawu. Ta daɗe da tafiya. Halin junifa ke nan, takan mutu ganyen ya yi makonni yana kore. Kafin ya yi ja an gama.

HAJIYA: Wato gawa muke kunna wa janareta?

ALHAJI: Barci take! Ba kai ka ce suna hutu ba? Kuma a hotunan da na gani, masu tsadar duk da busassun rassa farare a jikinsu.

ƊAN BOKO: Haka ne, da gangan ake ɓare wani reshe a shafa masa ruwan farar wuta ya yi fari. Amma dole a bar jijiya mai rai da ke kai ruwa ga ganye.

ALHAJI: Su reshe ɗaya suke iya busarwa. Ni na busar da ita gaba ɗaya cikin wata huɗu. Ka lissafa kuɗinta yanzu.

ƊAN BOKO: In sha'awa kake, ga itatuwan da suka san zafinmu. Ana yin bonsai da tsamiya, da ceɗiya, da kuka. Kariyar nan ta daji ma, a Tailan gonaki ake yi mata ana sayar wa duniya.

ALHAJI: Kuka? Ta miya? In tara manyan Kwari in nuna musu miyar kuka a faranti?

MAI GADI: Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, mai dizal ne a waje, ya ce na wancan satin ma...

ƊAN BOKO: Tsaya Baba. Mene ne wannan a hannunka?

MAI GADI: Wannan? Gashin bishiyar Alhaji ne. Ranar da mai aski ya zo aka ce in share, na ga abu ɗanye, na soka guda uku a gwangwanin tumatir. Biyu sun mutu. Zan matsar da shi inuwa ne, rana ta juyo.

Gwangwanin ya yi tsatsa, an huda gindinsa da ƙusa, cike da yashin da magina suka bari. A ciki ga ɗan reshe kore shar, har da sabon toho.

ƊAN BOKO: Ikon Allah, ya yi saiwa! Baba, me kake ba shi?

MAI GADI: Ba komai. Yana gindin darbejiya. In na taɓa na ji ya bushe, in juye masa ragowar buta.

ALHAJI: Wannan ba junifa ba ce. Ina rasit ɗinta?

ƊAN BOKO: Jikin taka ce, Kawu. Ita kaɗai ta rage.

ALHAJI: To ai tawa ce ke nan! Kawo nan. Hajiya, a goge tebur.

MAI GADI: Reshen naka ne, ranka ya daɗe. Gwangwanin nawa ne.

ƊAN BOKO: Kuma in aka tumɓuke shi yanzu, mutuwa zai yi. Saiwar ba ta yi ƙwari ba.

ALHAJI: Nawa ne gwangwanin?

MAI GADI: Albashina na wata uku da ya maƙale.

ALHAJI: Gwangwanin tumatir? Mai tsatsa?

MAI GADI: Tsoho ne, ranka ya daɗe. Shekararsa...

Ya ɗaga yatsu biyu.