Datar tsakar dare da ɗalibin da ya daina zuwa aji

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a da ƙarfe biyu na dare ya ga hasken waya yana fitowa ta cikin gidan sauro. Iyaye kan ce shiririta ce, malamai su ce yaran zamani ba sa son karatu. A ganina wannan hukunci ya yi gaggawa, domin makarantar ce da kanta ta tura ɗalibi cikin wayar: rajista a intanet, duba sakamako a intanet, sauyin lokacin lakca da takardun karatu kuwa sai a zauren WhatsApp na ajin.

Matsalar ita ce kuɗin data. A watan Janairun 2025 hukumar kula da harkokin sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari, alhali tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na abinci suka riga suka cinye guzurin ɗalibi. Wanda ya dace da bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rancen karatu, yana karɓar naira 20,000 a wata, kuɗin da ba sa kai shi ƙarshen wata ko da garin kwaki zai riƙa jiƙawa. Dole ya koma wa data mai arha da ake sayarwa daga tsakar dare zuwa asuba. Yakan shiga da niyyar sauke takardar malam, sai TikTok ya riƙe shi, wani kuma cacar ƙwallo ta ja shi da zaton zai haɗa kuɗin rajista daga naira ɗari biyu. Bayan sallar asuba barci ya kwashe shi, lakcar ƙarfe takwas ta wuce.

Sannu a hankali abin yake ci. Rashin barci ya kawo faɗuwa a kwas biyu ko uku, kunyar faɗa wa gida ta kawo damuwa, damuwar kuma ta sake mayar da shi cikin wayar, domin nan ne kaɗai ba a tambayarsa sakamako. Idan maki ya yi ƙasa a ba shi gargaɗi, in bai farfaɗo ba a sallame shi. Wasu ma ba sa jiran takardar sallama. Mun ga irin haka bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022, lokacin da wasu ɗalibai suka kama sana'a a kasuwa ba su sake waiwayar aji ba.

Ban wanke ɗalibi ba, yana da nasa laifin. Amma jami'ar da ta mayar da komai intanet ya kamata ta samar da shi kyauta da rana a ɗakin karatu da tsangayoyi, ta kuma ɗora wa malamin da ke kula da kowane aji nauyin neman ɗalibin da ya ɓace mako uku a jere. Sunansa da lambar wayarsa suna cikin kwamfutar makarantar tun ranar da ya yi rajista.